Kujerar da Kaka Ya Ajiye wa Fada

Kaka ya rasu ranar Alhamis da hantsi, kafin la'asar falonmu na unguwar Sharafiyya ya cika har ana taka ƙafar juna. Ban taɓa sanin muna da yawa haka a Jidda ba. Mutanen da a da idan Kaka ya buɗe baki sai su tuna sun bar tukunya a kan wuta, duk sun zo, kowa da hankicinsa. Mama ta ƙure mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ƙararta ta rufe kukanmu da waƙarmu. Haka na tashi na tarar ana yi. Mu Kirista ne a garin da babu coci ko ɗaya, saboda haka ko makoki ne sai mun yi shi da muryar masu gulma.

Shugaban mawaƙanmu shi ya fi kowa kuka. Ya zubar da hawayen da na zaci mai gadin bene zai hawo ya duba ko famfo ne ya fashe. Ya ce ginshiƙi ya faɗi. Matarsa ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin Kaka ya faɗa wa wani magana mai zafi ba. Ni kuwa na ji, da yawa, wasu ma a kanta aka faɗa. Mutum ɗaya ce na yarda da ta'aziyyarta, Hajiya maƙwabciyarmu, haifaffiyar Jidda, wadda kakanninta suka zo aikin Hajji da ƙafa ba su koma ba. Ta shigo da tiren shinkafa da butar gahawa, ta zauna kusa da Mama, ta ce da Hausarta mai rabin Larabci, tsohon nan ya shekara da shekaru yana gyara mata wuta, bai taɓa shiga mata gida ba sai da ɗanta a tsaye, kuma ta san abin da muke yi ranar Juma'a, ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta tafi.

Baba Tsoho, kakana na wajen uba, ya koma gefe. Yana zaune a ƙasa kusa da wata kujerar katako da ke jingine da bango, ya riƙe ƙafarta ɗaya kamar za a ƙwace. Falo ya cika, tsofaffi na tsaye, amma ba wanda ya zauna a kanta, kuma ba wanda ya yarda idonsa ya sauka a kanta.

Na ɗauki biro ne saboda na ga an fara gyara Kaka. Kafin a zagayo shekara za su mai da shi wani tsoho mai laushi kamar burodi, wanda bai taɓa takura wa kowa ba, kuma ba wanda ya taɓa yi masa komai. Shi ya koya mini rubuta Hausa, da ranƙwashi, lokacin da bakina ya fi saurin juyawa da Larabci. To ga ladan ranƙwashinsa.

Kaka mahaifin Mama ne. Mutumin wajen Malumfashi ne, ɗan Katolika, kuma katikis, wato mai koyar da addini wanda ba a naɗa shi Fada, limamin Katolika, ba. Sana'arsa gyaran wuta. Jirgi ɗaya ya kawo su Jidda shi da Baba Tsoho, tun Mama na yarinya, aka kai su wata masana'antar tayil a Madinar Masana'antu, Kaka yana haɗa waya, Baba Tsoho yana tuƙa babbar mota. Baba Tsoho ba Katolika ba ne. Ya ɗan taɓa makarantar masu wa'azi a gida kafin yunwa ta kai shi tasha. Ɗaki ɗaya suka zauna, tukunya ɗaya suka ci, suka kuma fara gardama tun a daren farko a kan wa zai yi addu'ar abinci. Da suka ga gardamar ba ta ishe su ba sai suka haɗa 'ya'yansu aure, don a samu jikar da za a riƙa ja. Ni ce jikar.

Kaka yana kirana Amarya, ni ina kiransa tsohon miji marar sadaki. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da abin gwada wuta a aljihun gaba ko da a wurin sujada. Kuma yana da tambaya guda ɗaya da ya yi wa rabin mutanen Jidda: wa ya ɗora maka hannu? Idan wani baƙo ya zo ya ce shi fasto ne, tambayar ke nan. Idan aka sa wa'azi a waya, mai wa'azin na ihu daga Legas, Kaka zai matso da fuskarsa ya tambayi wayar. Na taɓa rantse wa Mama cewa na ji yana yi wa mai aski, ta jefe ni da silifa, amma ba ta ce ƙarya nake yi ba.

Abin da yake nufi shi ne, a wurinsa ikon tsarkake gurasa da yafe zunubi ba abin da mutum ke ɗauka da kansa ba ne. Sai an ɗora masa hannu, wanda ya ɗora shi ma an ɗora masa, haka haka har a koma kan manzanni. Yakan kama kaina kamar kankana ya nuna mini. Fadan da ya yi masa baftisma, wani Bishop ne ya ɗora masa hannu. Bishop ɗin, wani ya ɗora masa a ƙasar Turawa. A bi a bi, sai ga ka a Roma, inda Manzo Bitrus ya ƙare rayuwarsa ya bar wa wani kujerarsa, wanda ake kira Fafaroma a yau. Ya ce abin kamar waya ne. Ko fitilarka ta zinariya ce, idan wayarta ba ta kai tashar wuta ba, za ka kwana a duhu.

Baba Tsoho kuwa cewa yake yi Ruhu ba ya bin waya. Ranar Juma'a, bayan an tashi daga sujada mutane sun fara sulalewa bibbiyu don kada a lura, su biyun sai su baje a kan darduma da butar shayi, a buɗe fage. Baba Tsoho ya ce Bitrus ɗin nan ai Manzo Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a a Antakiya, ina aka taɓa tsawata wa mai gari a gaban fadawa? Kaka ya ce shi ma ana tsawata masa a gidan nan kullum, bai fasa zama uban Mama ba. Baba Tsoho ya ce Bitrus ya zauna a Antakiya kafin ya ga Roma, don me ba a ba Antakiya kujerar ba? Kaka ya ce inda uba ya mutu nan ake raba gado, ba inda ya yada zango ba. Sai a shiga rigimar ranar bikin Tashin Almasihu, yadda a zamanin farko Bishop ɗin Roma ya yi barazanar yanke ikilisiyoyin gabas saboda ba su bi ranarsa ba. Baba Tsoho ya ce ai ba su bi ba, sama kuma ba ta faɗo ba, har na Afirkarmu ma daga baya sun ce masa a'a a kan wata maganar. Kaka ya ce ƙwarai, amma duk waɗanda suka ce a'a ɗin masu hannu ne a ka, faɗan cikin gida suka yi, ba a samu direban tayil ya tashi da safe ya naɗa kansa ba.

Na haddace su har ina yin muryoyinsu biyu a banɗaki. Amma akwai ranar da ba na mantawa. Baba Tsoho ya ajiye kofinsa ya ce, "Katikis, a duniya kafili, ubangidan da ke riƙe maka takardu, a sama ma sai da kafili? Ni na gaji da neman sa hannun wani kafin in yi numfashi."

Kaka ya dube shi ya ce, "Direba, duk daɗewarka a garin nan, ka taɓa ganin wanda ya buga wa kansa iƙama, takardar izinin zama?"

Suka yi dariya har Baba Tsoho ya ƙware. Wannan ne karo ɗaya da na ga an tashi canjaras.

Kujerar kuwa, Kaka ya saye ta ne a wajen masu tsofaffin kaya, tun kafin a haife ni. Ya goge ta, ya shafa mata mai, ya ajiye ta a inda mai jagorar sujada ya kamata ya zauna. Ta Fada ce, in ji shi, ranar da Allah zai kawo mana shi. Shi da yake jagorar karatu da addu'a, a tsaye yake yi kusa da ita, ko ya zauna a ƙasa. Ba a ɗora mata jaka, ba a rataya mata tawul. Ni na taɓa zama a kanta ina ƙarama, na naɗe zanen Mama a wuya ina sa wa 'yan tsanana albarka. Ranƙwashin da na sha a ranar, ina jin har yanzu akwai rami a wurin, idan aka yi ruwa yana tara ruwa. Daga baya ya sayo mini askirim, ya ce ba don na zauna ya buge ni ba, don ban amsa tambayar ba ne.

Mutanen zumuntarmu gauraye ne, 'yan Katolika kaɗan, sauran daga coci iri-iri na gida, Hausa ce ta haɗa mu. Wata shekara suka ce sun gaji da zama babu Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan inabi don tunawa da Almasihu. Baba Tsoho ya ce Kiristocin farko a gidaje suke taruwa kamar mu, a ɓoye kamar mu, suna kakkarya gurasa, kuma bai ga inda aka ce sun jira biza daga Roma ba. Aka sayo tamis, gurasar nan mai faɗin faranti, da lemon inabi na kwali. Kaka ya ce falonsa nasu ne, amma bakinsa nasa ne. Ba zai ci ba, ba kuma zai ce abin da suke ci shi ne abin da yake jira ba.

Daga ranar aka sa masa ido. Shugaban mawaƙa ya laƙaba masa Ɗan Roma. Matarsa takan ce a gabana, wai tsoho ya fi Allah tsauri. Idan aka zo raba gurasa Kaka ya tashi ya fita, sai a taɓa juna ana murmushi, a ce Fafaroma ya yi fushi. Abin da ba su taɓa tambaya ba shi ne ina yake zuwa. Ni na bi shi. Kan matakala yake tsayawa, cikin zafin nan da ke narka takalmi, da akwatin aikinsa a buɗe, ya cire murfin wani soket yana ta taɓe-taɓe. Duk wanda ya hawo, mai gadi ne ko baƙon ido, zai tarar da tsoho yana gyaran wuta, ya tsare shi da surutu da ƙarfi har na ciki su ji su yi shiru. Soket ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Ya fi duk wani soket a ƙasar Saudiyya shan gyara. Na ce masa, tsohon miji, kai da ka ce ba Jibi ba ne, me kake gadi? Ya ce mutane yake gadi, in koma ciki kafin ya gyara ni.

Rabonsa da karɓar Jibi daga hannun Fada tun da ya je gida binne kakata. Bayan ya dawo kafilinsa ya rasu, 'ya'yan suka yi ta wasa da takardunsa, har ya zama idan ya fita ba zai sake shigowa ba. Mama ta sha roƙonsa ya koma Malumfashi ya huta, ga coci a bakin hanya, ga Fada kullum. Yakan ce to, idan ya tafi wa zai tsaya a matakala? Akan ji ƙishin-ƙishin cewa wani Fada ya shigo gari a ɓoye, ya yi sujada a gidajen manyan ma'aikata na arewacin gari, masu doguwar katanga da masu gadi. Irinmu ba ma jin labari sai ya tafi. Kaka bai taɓa yin ƙorafi ba. Cewa yake yi wayar tana nan, ba a dai ja ta zuwa Sharafiyya ba tukuna.

Da ƙodarsa ta gaza, asibiti suka riƙe shi kwanaki, sannan suka ce a kai shi gida. Mun gane. Shi ma ya gane. Ya kira Mama ya ce ba ya son komai sai abu ɗaya, Fada ya zo ya ji zunubansa, ya shafa masa mai, ya ɗora masa hannu kafin ya tafi. Bai taɓa roƙon kowa komai ba, sai wannan.

A makon ne aka ji cewa akwai Fada a gari. Wanda ya tashi ya tafi nemansa shi ne Baba Tsoho, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana cewa Fafaroma Bishop ɗin gari ɗaya ne kamar kowa. Ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya shiga motar haya, ya je ƙofar gidajen nan. Mai gadi ya tambaye shi wa ya gayyace shi. Ya ce ba kowa, abokinsa ne ke mutuwa. Mai gadi ya ce shi bai san wani Fada ba, kuma idan bai matsa ba zai kira 'yan sanda. Baba Tsoho ya matsa zuwa tsallaken titi, ya tsaya a rana tun safe har inuwa ta juya, yana tare duk motar da ta fito. Wasu suka ɗaga gilashi. Wata mata ta miƙo masa ruwan gora. Washegari ya koma, aka ce wanda yake nema, in ma akwai shi, ya tashi. Ya dawo leɓensa a tsage, ya shiga ɗakin Kaka ya ce bai samu ba. Kaka ya ce, "Ka ga wahalar rashin kafili." Baba Tsoho bai yi dariya ba.

Ranar Talata da rana, an aiki Baba Tsoho unguwar Bagdadiyya neman wani magani, sai Shugaban mawaƙa ya shigo da fara'a ya ce Allah ya amsa, an samu Fada. Ni na yarda. Na yi tsalle har na buge fanka. Na ɗauko tsumma na goge kujerar nan har ina ganin haƙorana a jikinta. Ban lura Mama ta shige kicin ta rufe ƙofa ba, ban lura mahaifina yana kallon ƙasa ba.

Mutumin Ba'indiye ne, siriri, mai furfura a gefen kunne, da farar doguwar riga da wani ƙyalle shuɗi a wuya. Ba ya jin Hausa, Kaka kuma ciwo ya kwashe masa ɗan Larabcinsa, don haka aka ce ni zan yi tafinta. Kaka ya ce a tashe shi zaune. Ya ce a sa masa hularsa. Ya ce a shigo da kujerar. Ni na ɗauko ta da hannuna, na ajiye a gefen gado, baƙon ya zauna. Tun da aka saye ta, ban da ni da 'yan tsanana, shi ne na farko.

Kaka ya kama hannunsa da hannu biyu ya sumbata. Hawaye na bin kumatunsa yana dariya kamar yaro. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Sai ya ce, "Amarya, tambaye shi, wa ya ɗora masa hannu?"

Ba gwada shi yake yi ba. Wannan nake so a sani. Duk sauran da ya yi wa tambayar, ya san amsarsu tun kafin su buɗe baki. Wannan karon so yake ya ji sunan, ya ji an ambaci wani Bishop a wata ƙasa, ya bi wayar da kunnensa har tasha, sau ɗaya a rayuwarsa daga cikin ɗakinsa. Na juya na tambaya da Larabci, ina murmushi.

Baƙon ya dubi Shugaban mawaƙa da ke bakin ƙofa yana yi masa alama da gira. Ya dubi hannunsa da ke cikin hannun Kaka. Sai ya zame daga kan kujerar a hankali, ya durƙusa a ƙasa, ya cire ƙyallen daga wuyansa. A nan na gane ƙyallen, gefen tsohon labulen Shugaban mawaƙa ne. Ya ce mini ba kowa. Ya ce ya yi karatun zama Fada a ƙasarsu yana saurayi, bai gama ba, yanzu walda yake yi a masana'antar da mahaifina ke tuƙi. An ce masa tsoho ne ba ya gane komai, a taimaka a kwantar masa da hankali. Ya ce in roƙa masa gafara.

Shugaban mawaƙa ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, in faɗi kowane suna, ai ba zai sani ba. Kaka yana kallon bakina. Na ce, "Kaka, ya ce ba kowa."

Dariyar ba ta bar fuskarsa nan take ba, sai da ta ɗan tsaya, kamar fanka idan an ɗauke wuta. Ya saki hannun mutumin, ba da ƙarfi ba. Ya ce a ba baƙo shayi, ya sha rana. Ya ce in mayar da kujerar wurinta. Sannan ya ce a kwantar da shi, ya juya fuskarsa bango. Bai tambayi wa ya shirya abin ba. Mama ta shigo ta durƙusa tana kuka tana cewa ba ta iya ganinsa yana jira ba ne. Ya shafa kanta.

Da Baba Tsoho ya dawo ya ji, bai damu da maƙwabta ba, bai damu da mukayyif ba. Ya ce wa Shugaban mawaƙa, shi ya yi shekaru yana gaya wa Kaka a fuskarsa cewa ya yi kuskure, amma bai taɓa raina shi har ya yi masa wasan yara ba. Shugaban mawaƙa ya ce ai Baba Tsoho ne da kansa ke koya musu cewa hannun kowane mai bi daidai yake da na Fada, to mene ne laifin? Baba Tsoho ya ce da mai walda ya zo a mai walda, da shi zai fara durƙusa masa. Ya buɗe ƙofa ya nuna wa Shugaban mawaƙa matakala.

Washegari ina ɗakin ina ba Kaka ruwa da cokali, Baba Tsoho ya shigo ya zauna a bakin gado. Can Baba Tsoho ya ɗaga hannunsa, ya ce, "Katikis, ga nawa. Ba shi da waya, na sani. In kana so."

Kaka ya buɗe ido ya dube shi. Ya ce, "Kada ka ɗora a kaina, Direba. Kawo nan." Ya buɗe tafin hannunsa a kan bargo.

Baba Tsoho ya sa hannunsa a ciki. Haka suka zauna. Ya tashi cin abinci Kaka bai saki ba, sai ya fasa. Da hantsin Alhamis Mama ce ta raba yatsunsu.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai an gama lafiya. Ba a gama lafiya ba. Kaka ya mutu ba tare da abin da ya roƙa ba. Wayar da ya ƙare rayuwarsa yana karewa ba ta taɓa sanin akwai shi ba, mutanen da ya tsaya wa a matakala kuma suka kawo masa labule. An binne shi a maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, cikin sauri, mu kaɗan, ba waƙa. Baba Tsoho ya yi addu'a a tsaye, hannuwansa a bayansa.

Juma'ar da ta biyo baya aka taru, sai ga sabuwar gardama, wa zai gaji Kaka a jagorar sujada. Mutanen da suka shekara suna dariyar maganar gado da ɗora hannu, kowa ya zo da tasa shaidar. Wani ya ce Kaka ya taɓa ba shi aron littafin addu'arsa. Wani ya ce shi ya fi daɗewa a gari. Shugaban mawaƙa, da ya dawo kamar ba a kore shi ba, ya ce a asibiti Kaka ya dafa kafaɗarsa ya daɗe, kuma duk mai hankali ya san ma'anar wannan. Ina wurin. Banɗaki Kaka zai je, kafaɗarsa ce ta fi kusa.

Shugaban mawaƙa yana cikin magana ya ja kujerar, ya juya mata baya, ya fara lanƙwasa gwiwa. Ban shirya ba, sai na ji bakina ya ce masa, "Baba, wa ya ɗora maka hannu?"

Mama ta ce in rufe mata baki, marar kunya. Shugaban mawaƙa ya tsaya a haka, bai zauna ba, bai miƙe ba, kamar mai jiran allura. Daga ƙasa Baba Tsoho ya ce, "Amsa mata." Shugaban mawaƙa ya bar kujerar. Ya nemi wuri a kan darduma.

Baba Tsoho bai canza ra'ayi ba, kada a yi masa ƙarya shi ma. Har yanzu yana cewa Roma gari ɗaya ne cikin garuruwa, yana kakkarya tamis yana raba wa mutane. Sai dai idan ya gama rabawa ba ya zama. Yakan ɗauki akwatin aikin Kaka ya fita matakala, shi da bai san bambancin jar waya da baƙa ba, ina tsoron wata rana zai kashe wutar Sharafiyya gaba ɗaya. Bayan an watse yakan zuba shayi kofi biyu, ya fara maganar Antakiya, ya yi shiru a daidai inda ake ba shi amsa. Wani lokaci nakan ba shi amsar da muryar Kaka. Ba ya dariya, amma yana ci gaba.

Allah ya karɓi Kaka da hannunsa, tunda na mutane bai iso ba. Kujerar tana nan, ni nake goge ta yanzu. Idan wata rana Fada na gaske ya hawo matakalarmu, zan buɗe masa ƙofa, in zaunar da shi a kanta, in kawo masa shayi kamar yadda Kaka zai so. Ba zan tambaye shi wa ya ɗora masa hannu ba. Zan tambaye shi ina yake ranar Talata.